Allon injin ƙyanƙyasata yana nuna digiri 37.5, amma 'yan tsaki na fitowa kafin lokaci. Laifin tamista ne?

Ɗan Hayin Dogo ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka san kan tamista su agaza mini, abin nan ya fara ɗaure mini kai.

Na haɗa wa Innarmu injin ƙyanƙyasar ƙwai a nan Hayin Dogo, Samaru. Gawar wani ƙaramin firji na samu wajen 'yan gwangwan, na cire masa kwamfuresa na bar jikin, tunda yana riƙe ɗumi. A ciki na ɗaura gulob biyu na birkin mota, kowanne wat 21, da fankar tsohuwar kwamfuta tana juya iska. Duka a kan batir mai bolt 12 suke, sola ke ciyar da shi, don a unguwarmu ba a jingina abu mai rai da wutar gari. Arduino Uno, ƙaramar kwamfutar nan da ake rubuta wa kod, ita ce ke jan ragamar, da rile ɗaya mai kunna gulob da kashewa, da ɗan allo mai layi biyu da ke nuna zafi.

Abin da ke jin zafin wata 'yar mitsitsiyar tamista ce mai baƙin kai da siraran wayoyi biyu, daga mataccen batirin laftof na ciro ta. Babu rubutu ko ɗaya a jikinta. Na ɗora mata mita da rana ta ba ni turjiya kusan 10k, wato om dubu goma, na matse ta da yatsu lambar ta riƙa sauka, na ce to NTC ce mai 10k, irin wadda turjiyarta ke sauka in ta ji zafi. Haɗin irin wanda kowa ke yi ne: razista 10k daga bolt 5 zuwa ƙafar A0 ta Arduino, tamista daga A0 zuwa nagatif. Kod ɗin a intanet na samo shi, akwai layin da aka rubuta 3950, na bar shi yadda na gan shi. Kafin in zuba ƙwai sai da na rataye ta kusa da ma'aunin zafi na bango da ke ɗakin Inna, shi yana kan 26, allona ma 26 da 'yan ɗigo.

Na saita 37.5, allon kuma nan yake tsayawa dare da rana. To ga abin da ya faru. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, amma waɗannan tun a kwana na 19 suka fara tsaga ɓawo. Waɗanda suka fito ƙanana ne, cibiyarsu ba ta rufe ba, wasu ƙafa a warwatse ba sa iya tsayuwa. Fiye da rabi ba su fito ba sam, da Inna ta fasa ta tarar tsako ya gama haɗuwa ya mutu a ciki. Ba za a ce ƙwan ba ne, domin na kajinta ne da zakaransu, kuma waɗanda ta bar wa kaza ta kwanta a kai sun ƙyanƙyashe lafiya lau. Yanzu duk wanda ya shigo gidan sai ta ce a zo a ga tukunyar dafa ƙwai da na ƙera mata.

Matsala ta biyu, rile ɗin ba ya hutawa. In zafi ya kai wajen da na saita sai ya kama ƙaf-ƙaf-ƙaf ba ƙaƙƙautawa, gulob na walƙiya, lambar allo ta yi tsalle daga 37.1 zuwa 38 ta dawo. Da daddare har ɗakina nake jin sa.

Shin tamistar ce lalatacciya? Ko sanyin hunturun nan ne ke rikita ta? Wani abokina ya ce in jefar da ita in sayi DS18B20, wani abin jin zafi na dijital, in huta, amma kafin in kashe kuɗi ina so in san inda gizo ke saƙar. Na gode.

Baba Mai Rediyo, Sabon Gari, ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka.

Innarku ta fi ka kusa da gaskiya. Tsakon da ya fito kafin lokaci da cibiya a buɗe zafi ne ya yi masa yawa. Da sanyi ne latti zai yi, ka ga ana kwana 22, 23 ana zaman jira. Saboda haka ka cire hunturu daga lissafi. Kuma ban ɗauka tamistar ta lalace ba. Wadda ta lalace ko ta yanke gaba ɗaya, ko ka ga mita na rawa in ka motsa wayar. Taka lafiyarta ƙalau.

Duk tamistar da ake kira 10k, a digiri 25 ne take 10k, a nan masu ƙera ta ke auna ta su raɗa mata suna. Kai kuma gwajinka a 26 ka yi shi, dab da 25, inda kowace 10k za ta faɗa maka gaskiya ko da wace iri ce. Ana yin sama ko ƙasa kowace sai ta kama gabanta. Wannan 3950 da ka gani a kod, lambar nau'i ɗaya ce. Na cikin batura da yawa da nake buɗewa a shago 3435 ne, kuma in ka jera su ido ba zai bambance ba.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka sayi ƙanƙara wajen masu sayar da ruwan sanyi, ka daddaka ta ka cika kofi, ka zuba ruwa kaɗan iya wanda zai shiga tsakaninta, ka juya. Muddin ƙanƙara ta fi ruwa yawa, wannan kofin yana kan sifili. Cire tamistar daga haɗin, ka sa kanta a 'yar leda ka ɗaure kada ruwa ya taɓa wayoyin, ka nutsa ta tsakiya, kada ta taɓa gindin kofi. Ka jira har lambar mita ta daina hawa. In ta tsaya tsakanin 32k da 33k da wani abu, 3950 ce, kod ɗinka ba shi da laifi, sai mu nemi wani wajen. In ta tsaya wajen 27k zuwa 28k, to 3435 ce. Kuma kada ka riƙe bakin wayoyin mita da yatsu biyu kana aunawa, jikinka zai shiga lissafi ya rage lambar.

Wasu za su ce ka gwada a tafasasshen ruwa ka ɗauka 100 ne. A Zariya ba haka ba ne. Garin nan ya haura mita 600 sama da teku, ruwanmu wajen 98 yake tafasa. Ga shi robar da ke kan irin waɗannan siraran wayoyin ba lallai ta jure ba. Bar shi kawai.

Ka kuma duba razistar da ka sa. In zobenta na ƙarshe ruwan zinare ne, tana iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari, wannan kaɗai ya isa ya ci maka fiye da digiri ɗaya. Nemi mai shuɗin jiki da zoben ƙarshe ruwan ƙasa, ita kashi 1 ce. In ba ka samu ba, auna wadda ke hannunka ka rubuta ainihin lambarta a kod maimakon 10000.

Tunda na ga kai ma mai ciro kaya daga gawa ne irina: baƙin faifan nan da ke bakin shigar wuta a akwatin wutar kwamfuta, wanda ake rubuta wa NTC 5D-11 ko makamancin haka, shi ma tamista ne amma om 5 kacal gare shi, aikinsa tare wutar farko in an kunna. Yara sun sha kawo mini shi wai za su auna zafi da shi. Ba ya yi. Haka na tsohuwar talabijin mai ƙusumbi, shi PTC ne, hawa yake in ya ji zafi.

Maganar rile, sa kafasita mai lamba 104 tsakanin A0 da nagatif, can kusa da Arduino. In rile ɗin tsirara ka saya ba mai allo ba, sa masa dayod 1N4007 a juye a kan nadinsa. Sauran na bar wa masu kod.

Injiniya 'Yar Tudun Wada ta amsa:

Baba sun riga sun kama bakin zaren, ni lissafi kawai zan ɗora a kai don ka ga girman abin, ƙanena.

Lambar nan 3950 ana kiranta B, ita ke faɗin saurin da turjiyar tamista ke sauka in zafi ya hau. Abin da kod ɗinka ke yi mataki biyu ne. Arduino Uno tana raba bolt 5 gida 1024, ta ba ka lamba daga 0 zuwa 1023. Da irin haɗinka, turjiya R = 10000 × lamba ÷ (1023 − lamba). Daga nan zafi = 1 ÷ (1/298.15 + ln(R/10000) ÷ B) − 273.15. Wannan 298.15 ɗin digiri 25 ne a ma'aunin Kelbin, ln kuma maɓalli ne da za ka gani a kalkuleta ta kimiyya. Lura da abu ɗaya: in R ta zama 10000 daidai, ln ɗin sifili ne, B ta ɓace daga lissafin gaba ɗaya. Ka sa 3950, ka sa 3435, ka sa lambar wayarka, 25 zai fito. Shi ya sa gwajin ɗakin Inna bai tona komai ba. Kamar agogo biyu ne da aka saita tare da Asuba, ɗaya na gudu: a lokacin bakinsu ɗaya, kafin La'asar sun raba gari.

A 37.5, tamista mai 3950 tana kan 5.87k, Arduino ta karanta wajen 378. Mai 3435 kuwa tana wajen 6.3k, Arduino ta karanta wajen 395. In taka 3435 ce, lokacin da akwatin ya kai 37.5 na gaskiya allonka 35.8 zai nuna, kod ya ce da saura, ya bar gulob a kunne. Ba zai kashe ba sai turjiya ta sauka 5.87k, ita kuwa mai 3435 ba ta kaiwa nan sai wajen 39.5. Digiri biyu ke nan a kan ƙwai, dare da rana, kuma allo na ta rantsuwa 37.5 ne.

To ko ka gano B ɗin, ban ce ka canja lamba ka zuba ƙwai ba. B ba tsayayyiya ba ce, masu ƙerawa tsakanin zafi biyu suke auna ta, misali 25 da 85, ko 25 da 50, a tsakiya akwai 'yar kaucewa. Akwai lissafin da ya fi wannan daidai, na Steinhart da Hart, wanda suka fitar a 1968 don auna zafin ruwan teku. Shi lambobi uku yake buƙata, sai ka auna tamistar a zafi uku da ka tabbatar da su. Ga mai son auna daga sanyin firji har zuwa zafin tanda yana da amfani. Kai ba ka buƙatarsa. Zafi ɗaya tak ya dame ka a duniya, don haka je ka auna a wurin.

Shiga kemis ka sayi ma'aunin zazzaɓi mai batir, irin wanda ake sa wa yara a hammata. Daga wajen 32 zuwa 42 kawai yake aiki, amma a wannan ɗan tsakanin kuskurensa kusan ɗigo ɗaya ne, wato 0.1, ya fi duk abin da ke kan teburinka. Zuba ruwan ɗumi a fulas ɗin shayi, kana sirkawa da na sanyi har ya nuna 38 da 'yan ɗigo. Nutsa tamistar a ledarta, wannan karon tana haɗe da Arduino, ka sa kod ya nuna maka ɗanyar lambar A0 ba digiri ba. Juya ruwan, ka auna, ka rubuta lambobin biyu gefe da gefe. Ma'aunin zazzaɓi mafi girman lamba yake riƙewa, saboda haka kowane awo sai ka kashe ka sake kunnawa. Ka bi ruwan yana hucewa har ya ratsa 37.5 ya kai 37. Lambar da A0 ta nuna a 37.5 ita ce taka, da razistarka, da wayarka, da komai a ciki. A wannan yankin lamba 9 zuwa 10 ke yin digiri ɗaya, ka ga kowace lamba kusan ɗigo ɗaya ce, ya ishe ka.

Akwai wani ɗan abu da mutane ke mantawa. Wutar da ke ratsa tamista tana ɗumama ta ita kanta. A haɗinka wajen rabin miliwat ne da ɗoriya, kuma ƙaramar tamista a cikin iska kan iya hawa da ɗigo uku zuwa biyar saboda wannan. A ruwa ba ta yin haka sosai, ruwa na kwashe ɗumin. Ke nan awon fulas da na cikin akwati za su ɗan saɓa. Maganinsa ba kuɗi: cire kan razistar daga bolt 5 ka mai da shi wata ƙafar dijital, misali ta 7. Kunna ƙafar, jira kamar kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa don kafasitar Baba ta cika, karanta, kashe. Sau ɗaya a daƙiƙa biyu ya wadatar, akwatin firji ba ya canja zafi da gudu.

Ƙaf-ƙaf ɗin rile dalili biyu ne. Na farko kod ɗinka a wuri ɗaya yake kunnawa da kashewa. Ba shi tazara: ya kunna a 37.3, ya kashe a 37.7, tsakaninsu ya bar abin da ya tarar. Kuma ya karanta sau 16 ko 20 ya raba kafin ya yanke hukunci.

Na biyu nake zargin ya fi, kuma kod ba zai gyara shi ba. Gulob biyu masu wat 21 a bolt 12 amfiya uku da rabi suke ja, kuma a lokacin kunnawa, zaren yana sanyi, sukan ja ninkin haka sau da yawa na ɗan ƙiftawa. Kowace lamba ɗaya a A0 milibolt 5 ce ba ta cika ba. In ka haɗa nagatif ɗin tamista da na gulob a waya ɗaya a cikin akwati ka jawo, to milibolt 50 kawai ya faɗi a kan wayar nan ya zama wajen lamba 6 a A0, wato fiye da rabin digiri. Duk lokacin da gulob ya kama ko ya mutu sai lamba ta yi tsalle. Ka ba tamista wayoyinta biyu ita kaɗai, ka murɗe su tare, su tafi kai tsaye zuwa A0 da GND, wato nagatif, na jikin Arduino. Gulob kuma su ɗauki nagatif ɗinsu da kakkaurar waya daga kan batir. In kana son ka daina jin ƙara gaba ɗaya, transista IRLZ44N zai maye gurbin rile tunda komai naka bolt 12 ne. Duba da kyau L ce a tsakiya, domin IRFZ44N da ya cika kasuwa ba ya buɗewa sosai da bolt 5, zafi zai yi ta yi.

Mai Kaji na Shika ya amsa:

Ni ba injiniya ba ne, kiwo nake, 'yan ShikaBrown ɗin nan da NAPRI, cibiyar binciken dabbobi ta nan Shika, ta samar su nake ajiyewa, da 'yan zabbi in damina ta faɗi. Hajiya Injiniya, da girmamawa, wannan lissafin ya yi wa talaka yawa. Akwai ɗan allo W1209, bolt 12 yake ci, da rile ɗinsa da lambobinsa da wayar jin zafinsa, ka ɗaura ka danna maɓalli shi ke nan. Da shi nake aiki ban taɓa rubuta kod ba.

Kuma malam, kada ka ɗora wa zafi laifin duka. Tsako ya haɗu ya mutu a ɓawo, a watan nan, ni danshi nake fara tambaya. Ban ji ka ambaci ruwa a akwatinka ba ko sau ɗaya. Iskar hunturu a Zariya leɓen mutum ma tsagawa take, balle ƙwai da fanka ke busawa kwana da kwanaki. Fatar cikin ɓawo ta bushe ta manne wa tsako, ya tsaga ya kasa juyawa, nan zai ƙare. Ana son danshi kashi 50 zuwa 55 har kwana 18, sannan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe. Sa faranti mai faɗi da ruwa a ƙasa, faɗinsa ke aiki ba zurfinsa ba, kwanakin ƙarshe ka ƙara soso a ciki. In ba ka da abin auna danshi, haska ƙwan da tocila a duhu a kwana na 7, na 14 da na 18 ka duba ramin iskar da ke gefen mai faɗi. In ya yi girma da wuri, ruwa ya yi kaɗan.

Sannan ina ka rataye tamistar? In tana can ƙasa ko ta jingina da bango, ƙwai kuma suna kusa da gulob, ko lissafinka ya fi na kowa daidai ƙwan zai ƙone. Daidai saman ƙwai ake sa ta, a tsakiyar tire, kuma a sa ɗan kwali ya tare ta daga hasken gulob kai tsaye. Juyi aƙalla sau uku a rana, a daina a kwana 18, daga nan a bar ƙofa a rufe komai ɗokin Inna.

Injiniya 'Yar Tudun Wada ta sake amsawa:

Malam Mai Kaji, maganar danshi da wurin ratayewa gaskiyarka ce, ban kawo su ba. Amma bushewa ba ta fito da tsako a kwana 19, wannan aikin zafi ne. Mai yiwuwa biyun suka haɗu masa.

W1209 kuwa ba na ƙin sa, sai dai abin da ke bakin wayarsa tamista 10k ce irin ta ɗan'uwanmu, lissafin ne aka ɓoye a ciki. Shi ya sa aka ba shi P4 don gyara kuskuren awo, kuma P1 ɗinsa, wato tazarar kunnawa da kashewa, a kan digiri 2 yake zuwa, sai ka rage da kanka. DS18B20 da abokinsa ya ce, na asalin ma rabin digiri sama ko ƙasa aka yi alkawari, ga jabu sun yi yawa. DHT11 kuwa, mai auna zafi da danshi, kuskurensa digiri biyu ne, kada ma ya kusanci ƙwai. Duk wanda ka saya sai ya shiga fulas.

Ɗan Hayin Dogo ya dawo:

Allah ya saka da alheri, Baba, Anti Injiniya da Malam Mai Kaji. Ga abin da na samu.

A kofin ƙanƙara mita ta hau ta tsaya a 27.5k. Razistar mai zoben zinare ce, ta auna 9.9k. Kafin in taɓa komai na so in ga zafin da ƙwan suka sha, sai na cika 'yar kwalbar magani da ruwa na rufe, na ajiye a tsakiyar tire na kunna injin da tsohon kod tun safe. Da yamma allo na kan 37.5, na buɗe kwalbar na tsoma ma'aunin zazzaɓi: 39.8. Na kai wa Inna ta gani, ta ce ai ko mutum ne ya kai haka sai a nufi asibiti da shi.

Na raba wayoyin yadda Anti ta ce. Da ma nagatif ɗin tamista a kan ƙusar da gulob suke na ɗaure shi. Ina mai da shi jikin Arduino tsallen ya ragu ƙwarai tun kafin in sa kafasita. Na mai da razista ƙafa ta 7. A fulas, ma'aunin zazzaɓi na kan 37.5, A0 tana wasa tsakanin 399 da 401, don haka na ɗauki 400. Abin da ya ɗan rikita ni da farko, lamba hawa take in an yi sanyi, saboda haka na sa ya kunna a 402 ya kashe a 398. Yanzu rile sai ya yi shiru na tsawon lokaci kafin ka ji ƙaf ɗaya. Kwalbar ruwan ta kwana a ciki, da safe ta ba ni 37.6.

Malam Mai Kaji, ƙaramin kofi ne kawai a ciki, yakan ƙafe ban lura ba. Na sa murfin babbar roba yanzu. Tamistar kuma na ɗaure ta a tsinke daidai saman tire.

Saura tambaya ɗaya. Zan iya zuba ƙwai haka, ko akwai abin da ya rage? Kuma wannan 400 ɗin za ta ci gaba da aiki in bazara ta shigo?

Injiniya 'Yar Tudun Wada ta amsa:

Saura abu ɗaya, kuma kada ka tsallake shi. Wayoyin tamistar batir sirara ne, ga ƙofa ana buɗewa sau uku a rana. Ran da ɗaya ta tsinke, A0 za ta tafi 1023, kod ɗinka ya ɗauka sanyi ne mai tsanani ya bar gulob a kunne har abin da hali ya yi. Ƙara layi: in lamba ta haura 900 ko ta gaza 100, a kashe gulob, allo ya rubuta matsala, in kana da 'yar ƙararrawa ta yi kuka. Injinan buga abu na 3D duk haka suke yi da tamistarsu mai 100k. Bayan ka rubuta, zare ƙafa ɗaya da hannunka injin na aiki ka ga gulob ya mutu, sannan ka haɗa wayoyin biyu ka ga ya sake mutuwa. Ka kuma shafa wa wurin dalmar gam mai haɗi biyu, domin yanzu da ka ƙara ruwa danshi zai kwanta a kai, ya ɗan rage turjiya, awo ya fara gocewa a hankali.

Ita 400 ba ruwanta da kaka ko bazara, tamistar da razistar ne suka ba da ita. In ka canja ɗaya daga cikinsu sai ka koma fulas. Matsalar bazara daban ce. A Maris da Afrilu ɗaki mai rufin kwano a Zariya yakan wuce 37.5 da rana tsaka, injinka kuwa ɗumamawa kawai ya iya, ga fanka da 'yan tsakin kansu suna ƙara ɗumi a makon ƙarshe. Gulob zai mutu amma zafi ya ci gaba da hawa. Kafin lokacin ka nema masa ɗaki mai silin ko na ƙasa, ka huda rami a sama ka ɗaura fanka ta biyu mai fitar da iska, kod ya tashe ta in lamba ta sauka ƙasa da 394.